Turbo ba ya mutuwa haka kawai

Babban abin da aikin injin gas ya koya mini a Magazin ta Suame, unguwar kanikawa da kayan gyaran mota da ke nan Kumasi, shi ne turbo ba ya mutuwa haka kawai. In aka kawo Hilux ko Sprinter ta trotro, wato bas ɗin haya, tana hayaƙi, ba ƙarfi, mai mota kan iso da hukuncinsa a baki: "Masta, turbo ne, a sa wani." Sau da yawa gaskiyarsa. Amma akwai abin da ya kashe turbon, kuma in ba a gano shi ba, sabon zai bi sahun tsohon cikin 'yan watanni.

A cikin turbo, hayaƙin inji ne ke juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da suke kan sanda guda, wadda ke cusa iska cikin silinda. Sandar kan yi juyi sama da 150,000 a minti, gefen hayaƙi kuma zafinsa kan haura digiri 600 in mota na hawan tudu da kaya. A yawancin motocin nan sandar ba kan boris mai ƙwallo take ba, tana yawo ne a kan ɗan baƙin mai da famfo ke turowa ta wani siririn bututun ƙarfe. Mai ya yanke na 'yan daƙiƙu, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Saboda haka daga baƙin mai ake fara bincike. Injin da ba shi da matatar toka a salansa, 15W-40 mai lambar CI-4 ya ishe shi. Injin 2KD na Hilux kan sha wajen lita bakwai har da filta. Da ƙurarmu da cunkoson kasuwar Kejetia, ni ban yarda a wuce kilomita 5,000 ba a juye ba, ko me aka rubuta a jikin galan. Direban da ya taso daga Akra ya tsaya cin abinci a Nkawkaw, ya bar injin a sulo minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. In ya kashe nan take, famfo ya tsaya, man da ya rage cikin turbo mai zafi ya ƙone ya zama gawayi, a hankali bututun ya toshe.

Akwai kuma mai kisan mummuƙe da ba kowa ke lura da shi ba: 'yar washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin kowace nozul, mai fesa gas cikin silinda. A Sprinter da sauƙi, don nozul a waje take. Washa ta saki, za ka ji "cif-cif" da warin hayaƙi, ka ga baƙin abu kamar kwalta ya daskare a gindinta. A injin Toyota 1KD mai lita 3.0 kuwa nozul na ƙarƙashin murfin bawul, hayaƙin da ya sulale kai tsaye cikin baƙin mai yake shiga. Can yake zama gudaji-gudaji, ya gangara ƙasan inji, ya liƙe ragar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Turbo kan riga kowa jin yunwar, metal na kiranshaf ya biyo baya. Duk 1KD da turbonsa ya ci, a juye mai, a haska ragar ta ramin juyewa, in da shakka a sauke kaskon ƙasa a duba da ido. Washa ba a maimaita ta. A goge mazauninta tas, a ɗaure da sifana mai awo daidai yadda kamfani ya ce, ba da ƙarfin damtsen yaron gareji ba. Notin da ke danne nozul ɗin Sprinter ma sau ɗaya ake ɗaure shi.

Ƙura ita ce ta biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, filtar iska kan cika da wuri, masu mota kuma sun fi son a hure ta da iskar kwamfuresa don a rage kashe sidi. Iskar kan huda takardar inda ido ba ya gani. Cire tiyon da ke shiga turbo ka duba fukafukan fanka: in bakinsu ya dakushe ko ya yi zazzago, ƙura ce ta ci su. Kama sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, gurbin mai ne. Motsi ciki da waje, ko alamar fanka na gogar bango, wannan ya gama.

Wani lokacin ma turbon lafiyarsa ƙalau. Tiyon da ke kai iska inta-kula, mai sanyaya iskar da turbo ya cusa, shi ne ya tsage ko kilif ya saki. Alamarsa huci in an taka totur, baƙin hayaƙi, da danshin mai a wurin tsagar. Kuɗin tiyo ina, kuɗin turbo ina.

Sai man gas. Tun 2017 Ghana ta rage farar wutar da aka yarda da ita a gas ɗin da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, amma dokar ba ta hana ruwa da laka shiga galan na bakin hanya ba. Injunan D-4D na Toyota da CDI na Sprinter suna matsa gas daga bar 1,350 zuwa 1,800 a ma'aunin matsi, ɗan ruwa kaɗan ke lalata bakin nozul. Nozul mai ɗiga kan ƙara zafin hayaƙi, ta tara toka har 'yan fukafukan da ke buɗewa da rufewa a turbon 1KD su sandare. Fitilar ruwa ta kama a dashbod, a tsaya a kwance makunnin ƙasan filta, a danna famfon hannu na sama har gas zalla ya fito. Motocin Turai da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema da matatar toka kuwa mai irin C3 suke so, da gudu a babbar hanya lokaci-lokaci don tokar ta ƙone. In sandar awo ta nuna mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, gas ne ke sauka cikinsa.

In an zo ɗaura sabon turbo, ko na Magazin ko na kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Akra, a canja bututun mai na sama, a tabbatar na komawa bai toshe ba, a sa sabon mai da filta. Kada gam ɗin silikon ya kusanci gaskit na mai, ɓarɓashinsa ke toshe hanya. A wanke inta-kula, don man da tsohon turbo ya zubar yana kwance ciki. Inji ya zuƙe shi, zai yi ta gudu da kansa ko an zare makulli, sai an toshe masa iska ko an sa babbar giya an saki kuloci da birki a take. A ɗura mai a bakin turbon, a juya fanka da hannu, a cire filogin nozul a buga sitata daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitilar mai ta mutu. Sannan a tayar, a bar shi a sulo minti biyar ana duba yoyo kafin a taɓa totur.