Inda na kai da tashoshin Bangalore da Lhasa

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a aikin auna motsin ƙasa da GPS. Na sauko da bayanan tashoshin GPS biyu daga ɗakin binciken Jami'ar Nevada da ke Reno, inda ake sakin awon kowace rana kyauta: IISC ta Bangalore a kudancin Indiya, da LHAZ ta Lhasa a Tibet. Waɗannan eriyoyi ne da aka kafe wuri guda suna karɓar saƙon taurarin ɗan'adam dare da rana, awonsu ya kai milimita. GPS ɗin waya ba zai yi wannan aiki ba, kuskurensa mitoci ne.

Da na zuba ginshiƙin arewa, wato jerin lambobin da ke nuna gusawar tasha arewa ko kudu, a Excel na ja layi, sai ga Bangalore tana gusawa arewa kusan milimita 35 a shekara, Lhasa kuwa ba ta kai rabin haka ba. Ku ɗebe wannan daga wancan, za ku sami wajen santimita 2. Wannan ratar ita ce ƙasa ke matsewa kowace shekara a tsakaninsu, galibi a ƙarƙashin Himalaya, a karon da Indiya ta fara yi da Asiya shekara miliyan 50 da suka wuce. Wallahi ganinsa a jadawalin da hannuna ya haɗa ya fi karanta shi daɗi.

Ginshiƙin tsayi shi ke ba ni aiki. Ɗigogin a warwatse suke, kuma a tashoshin Nepal layin na hawa da sauka duk shekara. Kada ku goge wannan, gaske ne: ruwan damina kan danne ƙasar kwarin Ganges, rani ya zo ta sake tasowa. Shi ya sa awon da bai kai shekara biyu da rabi ba kan yaudari mutum.

Yanzu ina kan 25 ga Afrilun 2015, ranar girgizar ƙasa ta Gorkha a Nepal mai ƙarfin 7.8. A ranar layin tashoshin Katmandu ya yanke, ya koma kudu fiye da mita ɗaya, ya kuma ɗaga sama, alhali manyan duwatsun da ke arewa ƙasa suka yi. Matsin da tsagar ƙasa da ke ƙarƙashin Himalaya ta daɗe tana riƙewa ne ya kwance, kuma ya ci rayuka kusan 9,000.

In kun ga irin wannan tsalle a wata rana, ku fara duba ko eriya aka canza kafin ku ce girgiza ce. Jerin ranakun canjin yana nan tare da bayanan.