Yadda na zana taswirar iskar da mutanen Kaduna ke shaƙa

Babu mai kuɗin da zai iya kafa na'urar auna iska a ƙofar kowane gida a Kaduna. Saboda haka dabarar da ake bi ita ce a auna a wasu zaɓaɓɓun wurare, a duba abin da ke kewaye da kowannensu, wato tsawon tituna, yawan gine-gine, yawan jama'a, masana'antu da bishiyoyi, sannan a sa lissafi ya gano alaƙar waɗannan abubuwa da gurɓacewar da aka auna. Da wannan alaƙa ake ƙiyasta sauran unguwannin da na'ura ba ta je ba. Tun 1997 aka wallafa sakamakon gwada wannan hanya a biranen Amsterdam da Huddersfield da Prague, kuma ita na bi a binciken digirina na biyu.

Tara bayanai bai ba ni wahala ba. Tituna na ɗauko daga taswirar intanet ta OpenStreetMap, hotunan ƙasa daga tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 wanda kowane ɗigo a hotonsa ke nuna fili mai faɗin mita 10, na haɗa su a manhajar zana taswira ta QGIS. Yawan jama'a ne ya so ya gagara, domin rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, kuma duk wanda ya san Rigasa ko Mando ko Sabon Tasha a wancan lokacin ya san yau ba su ba ne. Sai na koma ga ƙiyasin yawan jama'a na shirin bincike na WorldPop, wanda ke raba ƙasa zuwa ƙananan murabba'ai, faɗin mita 100 kowanne.

Abu biyu na auna. Na farko iskar NO2 da ke fitowa daga salansar mota da janareta. Ana kama ta da ɗan bututun roba mai tsawon santimita 7, a ɗaure shi a jikin turken lantarki, bakinsa na kallon ƙasa, a bar shi mako biyu kafin a kai ɗakin gwaji. Na biyu ƙurar da ake kira PM2.5, wadda faɗinta bai wuce maikuromita 2.5 ba. Silin gashi ɗaya ya ninka ta kauri sau ashirin ko fiye, shi ya sa take wuce hanci ta sauka can cikin huhu.

Duk inda zan ɗaura bututu sai na fara zuwa gaishe da mai unguwa. A Tudun Wada wani dattijo ya tsaya yana kallona a kan tsani, ya ce, "Yaro, me kake liƙa mana?" Da na yi masa bayani sai ya ce, "To ai ba nan ya kamata ka sa ba. Zagaya bayan layin nan bayan la'asar ka gani." Na ce, "To Baba." Na zagaya. Injin niƙa biyu na aiki da dizal, mai walda ya tayar da janareta, mai ƙosai ta hura icce, ga bola an cinna mata wuta a bakin kwata, hayaƙin leda na shiga tagar makarantar allo. A taswirar da ke cikin kwamfutata, wannan layin duka sunansa unguwar zama, launinsa ɗaya da Malali da Unguwar Rimi.

Nan ne tsarin da aka gina a Turai yake yin tuntuɓe a garinmu. A can, idan ka san yawan motocin da ke bin titi ka san mafi yawan labarin. A nan titi na bayyana NO2 a wurare irin su Kawo, titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da hanyar Nnamdi Azikiwe da tireloli ke bi, amma idan aka zo kan ƙura sai lissafin ya yi rauni. Haka kuma sunan wuri a takarda na iya yaudara. Kakuri yankin masana'antu ne tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957, amma yawancin masaƙun sun daɗe a rufe. Matatar mai da aka ƙaddamar a 1980 ita ma ta shafe shekaru ba ta tace mai. Wanda ya ba lissafi kalmar "masana'anta" ya tsaya nan, hayaƙin da ya daina tashi zai zana.

Dole muka ƙirƙiri namu ma'aunan. Ni da wasu ɗalibai muka bi layi-layi da wayoyinmu, muna sa alama a kan titin da ba kwalta, tashar mota, matattarar Keke Napep, bola, gidan burodi mai amfani da icce, da rukunin shagunan da ke dogara da janareta. Da waɗannan suka shiga sai ƙiyasin ya fara kusantar abin da na'ura ta auna. Yadda nake jarrabawa shi ne in cire wuri ɗaya, in bar lissafi ya yi hasashensa daga sauran, in kwatanta da ainihin awon, har in zagaye su duka.

Yanayi ma na da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe gari baki ɗaya, bambancin unguwa da unguwa ya dusashe. Da damina kuma laima na sa ƙananan na'urorin auna ƙura su ƙara gishiri a awonsu. Taswira ɗaya ba za ta ɗauki shekara ba. Na yi ta hunturu daban, ta damina daban, na kuma bar na'ura guda a wuri ɗaya ba ta motsi don daidaita sauran.

Abin da ya fi taɓa ni ya fito ne lokacin da na ɗora yawan jama'a a kan taswirar. Ido na fara sauka kan jan layin da ya bi manyan tituna. Amma da na auna gurɓacewa da adadin masu shaƙarta, nauyin ya koma unguwanni masu cunkoso irin Rigasa da Tudun Wada, inda yara da tsofaffi ke kwana su tashi a cikinta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar PM2.5 da take ba da shawarar kada a wuce zuwa maikurogiram 5 a kowace kyubik mita a matsakaicin shekara, da 15 a yini guda. Ni a ganina, idan za a kafa tashoshin auna iska na dindindin, ko a zaɓi layin da za a fara sa wa kwalta, ko bolar da za a fara kwashewa, wannan taswira da ta haɗa gurɓacewa da yawan jama'a ya kamata a buɗe.

Kuma duk wannan iskar waje ce. Matar da ke tsugune gaban murhu safe da yamma da goyo a bayanta, hayaƙinta bai kai turken lantarki ba. Aikin da nake shiryawa yanzu na cikin gidaje ne, tare da ɗalibai mata da za su iya shiga su sa na'ura a madafi.