Tukunyata tana bin sararin samaniya

A makon jiya maigida ya dawo daga kasuwar 'Yankaba da ƙaton kwandon tumatir a bayan mota, kuma tun kafin yara su sauke shi na san cewa ba ni da wani aiki a kwanaki uku masu zuwa sai yanka da shanya. Watan Janairu ne, lokacin da kayan lambu suke cika Kano har mai sayarwa ya riƙa roƙon mai saye. Yawancin tumatirin daga Kadawa da Kura da Garun Malam yake zuwa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin mulkin Audu Bako aka kammala a 1974. Kakata, wadda muke kira Inna, takan ce a ƙuruciyarta miya ba ta san wannan jan ruwan ba, domin kabewa da daddawa da gauta su ne suke ɗaukar nauyin tukunya.

A wurinta na koyi yin kauɗa. Ana zaɓar tumatiri mai tauri wanda bai fara ruɓewa ba, a raba shi biyu, a jera shi a kan tsaftatacciyar tabarma cikinsa yana kallon sama, a ɗora a wuri mai tudu inda kaji ba za su kai ba. Ni nakan ƙara da rufa masa tsohon gidan sauro, saboda iskar hunturun da take busar da shi cikin kwana huɗu ko biyar ita ce kuma take ɗauke da ƙura. Wanda ya taɓa tauna tsakuwa a miyar da aka yi da kauɗar bakin titi ba zai tambayi dalilin wannan wahalar ba. Maƙwabciyata ta fi son ta markaɗa nata ta zuba a firji, amma ni na daina amincewa da abin da ya dogara da wutar lantarki tun ranar da na zubar da robobi shida da suka yi tsami. A 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har farashinsa ya gagari mutane, buhun kauɗar da na tanada ne ya rufa mana asiri. Tare da ita nakan shanya tattasai da attaruhu, in kuma daka lawashin albasa in dunƙula gabu.

Hunturu ne lokacin da muka fi fita, ko da yake sai hantsi ya ɗaga, bayan kowa ya sha kunun gyaɗa mai zafi ya shafa man kaɗe a kaushin ƙafa da leɓɓansa. Rana ba ta da ƙarfi, sauro ya ragu, hanyoyi sun bushe. Wani lokaci iyakarmu Dutsen Dala, inda yara suke tseren hawa matakala, mu kuwa muna biye muna haki, sai dai in hazo ya yi kauri ko Goron Dutse ba a hangowa sosai, balle hasumiyoyin babban masallacin Juma'a. Sau ɗaya a shekara mukan ɗauki tabarmi mu tafi bakin ruwan Tiga mu wuni. Na daɗe ina gwada guzuri iri-iri kafin na tsaya a kan dambun shinkafa da zogale, domin shi ne abincin da yake da daɗi ko ya huce, ba ya zuba a mota, ba ya kuma neman cokali. Nakan haɗa da gurasa da ƙuli-ƙuli da yaji, in yanka karas da kabeji da latas a can, tunda a wannan lokacin ne suke da arha da ɗanɗano. Idan masunta sun fito da kifi mukan saya mu gasa a kan gawayi, kuma har yau ban samu wata dabarar girki da ta kai gishiri da barkono da lemun tsami a kan kifin da bai yi awa ɗaya da barin ruwa ba.

Maza suna da tasu fitar. Dambe da kokawa wasannin bayan girbi ne tun asali, saboda sai rumbu ya cika ne manomi yake da hutu da kuma abin da zai yi wa makaɗi kari, kuma ƙanena ba ya barin gasar kokawar Nijar ta wuce shi a waya, wadda aka fara a Tawa a 1975, ake kuma ba gwaninta takobi. Ni ba ni da sha'awar kallon mutum yana naushin ɗan'uwansa, amma na san ranar da aka tafi gidan dambe da 'ya'yana maza sai na ƙara mudun garin tuwo.

Daga tsakiyar Maris komai yake juyewa. A Afrilu zafin Kano yakan kai maki 40, kuma tsayuwa a gaban murhu da tsakar rana ta zama azaba, saboda haka nakan gama girkin rana tun da hantsi, in bar na dare sai bayan la'asar. Abinci mai nauyi yana ja da baya, fura da nono da kunun zaƙi da zoɓo da lamurje su karɓi gida. Miyar da ta kwana a hunturu lafiya lau, a bazara kafin magariba ta fara kumfa in ba a ɗumama ta ba. Randar ƙasa da na ajiye a inuwar zaure ta fi mini amfani a kan ƙanƙarar da ake layi a saya. Azumi kuma yana zagayawa cikin waɗannan lokuta yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara: a 2015 cikin watan Yuni muka ɗauka, ana ruwa, a 2025 kuwa a farkon Maris, kuma bambancin ya fito fili a yawan kunun tsamiyar da nake damawa.

Fitar bazara ta dare ce, kuma ba ta wuce tsakar gida, inda ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo a ƙarƙashin taurari, yara su yi barci a nan. Tafiya ɗaya ce muka taɓa yi a wannan zafin da gangan, zuwa Yankari a jihar Bauchi, domin a ƙarshen rani ne ciyawa take bushewa, namun daji su taru kusa da kogin Gaji inda ido zai iya ganinsu. Ruwan Wikki yana nan a kan ɗuminsa na maki 31 dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa. A irin wannan tafiyar dambun nama da daƙuwa da kilishi ne guzuri, abubuwan da zafi ba ya lalatawa, kuma dole a rufe su a jaka, domin birran wurin sun san leda sarai.

A ƙauye kuwa bazara lokacin ɗorawa ne. Yara suna shan garinta mai ruwan ɗorawa har bakinsu ya rine, mata kuma suna tara kalwa, su dafa ta wuni guda ko fiye har ta yi laushi, su surfa su wanke, su sake dafawa, su rufe ta da ganye kwana biyu zuwa uku ta ruɓa ta zama daddawa. Warin gidan da ake wannan aikin ba ya ɓuya. Duk dunƙulen sinadarin ɗanɗanon da na taɓa jefawa a miyar kuka bai taɓa maye gurbin daddawar da gwaggona take aiko mini ba.

Sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, shinge ya fito ya kewaye fitila, yara su tara shi a kwano da ruwa a soya. Ana yi wa damina kirari da uwar albarka, amma wanda ya zauna a ƙauye ya san farkonta lokacin ƙunci ne, domin rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba, tumatir ya yi tsada, icen girki kuma ya jiƙe yana hayaƙi har idanu su yi ja. A nan ne ganyaye suke ceton gida. Tafasa tana fitowa da kanta a bakin hanya da bayan gari, a tsinko ta tana ƙarama, a dafa a matse, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Haka rama da zogale. Yakuwa da alayyahu suna shiga faten tsaki, lalo da ɗanyar kuɓewa suna shiga miya, kauɗar da aka shanya a Janairu kuma sai yanzu take biyan wahalarta.

Muna yara, hutun makaranta na Agusta a gidan Inna muke yinsa, tsakiyar marka, lokacin da ruwa yakan wuni yana zuba ba tare da an ga rana ba. Ban san wata fita da ta kai tafiya gona da abincin masu noma ba: ƙwaryar fura a ka, akushin tuwo a hannu, raɓa tana jiƙa zane, gero ya fi mutum tsawo a dama da hagu. A gindin wata kaɗanya ake sauke kayan. Wata rana na zame a taɓo na zubar da rabin furar, na tsaya ina kuka, sai Inna da take bayana ta ce, "Tashi, 'yar nan, ƙasa ma ta yi noma, ai tana da rabo." Da na isa, kawuna ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Inna, yau jikar taki ta sha a hanya ke nan?" Ba ta tona ni ba. A hanyar dawowa mukan tsinci kaɗanya mu sha, maza su faɗa kududdufi su yi iyo duk da an hana su, kuma yanzu da nake uwa na gane hanin, domin a ruwan da ba ya gudu ake ɗaukar tsargiya. Nawa yaran nakan bar su su yi wanka a ruwan sama a tsakar gida, su dawo su tarar da masara a kan garwashi da dafaffiyar gyaɗa mai gishiri.

A damina ne kuma ake yi wa rani tanadi. Ganyen kuka a inuwa ake shanya shi don kada ya rasa korensa, kuɓewa a yanka ta sirara-sirara a jira ranar da gari ya washe, kuma sau da yawa sai an kwashe shanya a guje sau biyu a wuni ɗaya saboda hadari. Gero shi ne yake fara nuna, kuma zangarniyar farko ba a kai ta turmi, a wuta ake gasa ta a murje a tafin hannu a hure, a ci tumu. Daga nan kaka ta shigo: wake da gyaɗa da gurjiya da dankali da rake, kabewa ta cika ɗaki don miyar taushe, dawa kuma ta biyo baya wajen Nuwamba. Da daddare in akwai farin wata, 'yan mata suna gaɗa a dandali, samari suna langa, ƙananan yara suna kamun fara da fitila don a soya da yaji. 'Ya'yana da suka tashi a birni sun fi sanin ƙwallo a kan langa, amma bara da na kai su ƙauye a Oktoba, babban ya dawo da gwiwa a kurje yana neman a sake kai shi.

Kauɗar bana ta bushe jiya da yamma, kwandon nan guda ya koma ɗan abin da bai cika rabin buhu ba. Na ɗaure bakinsa na rataye a kusurwar kicin kusa da kuka da busasshiyar kuɓewa, na ware mudu ɗaya da zan aika wa gwaggo idan mai kawo daddawa ya zo. Maigida ya ce ranar Asabar zai sake leƙawa 'Yankaba, don an ce albasa ta sauka.