Jan biro a kan sanarwata ta farko

Aikin farko da aka ɗora min a ofis shi ne rubuta sanarwar da ake tura wa ma'aikata ta saƙon tes. Saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga ciki, ko da guda ɗaya ce, sai ya koma 70. Abin da ya haura kuwa saƙo na biyu ne, da kuɗinsa daban.

Ga abin da na fara kaiwa: "Muna masu farin cikin sanar da ɗaukacin ma'aikata cewa a halin da ake ciki yanzu an kammala shirye-shiryen gudanar da taron da aka tsara gudanarwa ranar Litinin mai zuwa da misalin ƙarfe goma na safe." Har wani daɗi nake ji, a ganina na zuba Hausa.

Shugabar sashenmu ta ɗauki jan biro ta bi ta kai. Abin da ya tsira: "Taro ranar Litinin, ƙarfe 10 na safe." Ta ɗago ta ce, "Malam, a ina za a yi taron?" Ashe ban faɗa ba. Kalma sama da talatin, amma babu wurin taro.

Daga nan na fara gane abokan zamana, wato kalmomin ciko da na saba jerawa a rubutu. "Gudanar da bincike" bincike ne kawai. "Da misalin" na kan liƙa shi ko da lokacin tsayayye ne. "Kamar yadda kowa ya sani" kuwa ya fi ba ni kunya, don in kowa ya sani me ya kawo shi? Yawancinsu tsoro ke sa ni jero su, kada a ce rubutun yaron nan ya yi gajarta, bai san aiki ba.

Sai kuma na zaƙe. Na shiga sassabe duk wata ƙaramar kalma, "dai" da "fa" da "ma", ina ɗauka duk ciko ne. Wata rana na cire "ma" daga "direbobi ma su zo". Da safe direbobi kaɗai suka zo, sauran suka ce ai ba da su ake ba. Ni aka sa na bi ofis-ofis ina kiran mutane, shugabar tana zaune tana duba agogo.