Gyaran tsofaffin na'urorin kiɗa, daga Minimoog zuwa TB-303

Shagonmu ba ya karɓar rediyo ko talabijin. Aikinmu guda ne: tsofaffin na'urorin kiɗa na lantarki da aka ƙera tsakanin 1970 da 1985, waɗanda kan faɗo cikin kayan gwanjo ko wani mai situdiyo ya sayo daga waje. Jama'a fiyano suke ce musu duka, amma sun sha bamban da fiyanon zamani. Babu wata murya da aka naɗa aka ajiye a cikinsu, wutar ce da kanta take kaɗawa ta zama sauti. Saboda haka duk ƙanƙantar abin da ka canja a ciki, kunne sai ya ji.

Tushen abin a Amurka yake. Robert Moog ya fito da na'urarsa a 1964, Don Buchla kuma yana haɗa tasa a California. A watan Janairun 1966 an yi dare uku ana bikin Trips Festival a San Francisco, da fitilu masu rikiɗa launi da kayan sautin Buchla, ga ƙwayar LSD wadda sai a watan Oktoban shekarar California ta haramta. Mu abin da ya shafe mu shi ne dokar da Moog ya kafa: ƙarin volt 1 yana ninka kaifin sauti. A kan wannan ake saita Minimoog, wadda ta fito a 1970. Ba a taɓa saitinta da sanyi. Sai an kunna ta ta yi minti 20 ta ɗumama, sannan a kunna sautin gwaji mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa da ke jikinta, a daidaita ƙasa, a daidaita sama, a sake komawa ƙasa, domin kowane ɓangare yana jan ɗan'uwansa. Wanda ya koya mana aikin ba ya barin yaro ya riƙe sukundireba sai ya iya jin karkacewar sauti da kunnensa kafin mita ta nuna.

Wadda muka fi ji da ita ita ce TB-303 ta kamfanin Roland. Tadao Kikumoto ya tsara ta, ta fito a 1981 don masu jita su samu abin raka su da kiɗa mai kauri. Ba ta karɓu ba, aka daina yin ta a 1984 bayan an ƙera kusan 10,000. Matasan Chicago suka tsince ta da araha, suka gano cewa idan aka bar ta tana maimaita gajeren kiɗa ana murɗa maɓallan matatar sauti, sai ta riƙa wani irin kuka mai naso. A 1987 ƙungiyar Phuture ta fitar da shi a faifai, aka kira salon acid house. A 1988 ya mamaye Ingila, ya kuma isa Goa a bakin tekun Indiya, inda ake kwana ana rawa a fili. Can masu sa kiɗa da kaset suke aiki, daga baya kaset ɗin dijital da ake kira DAT, domin faifan garmaho lanƙwashewa yake a zafi.

Tunda da hannu ake kaɗa TB-303, maɓallan murɗawar nan ne ke fara cinyewa. A nan masu gyaran gefen titi ke kashe mu. Da sun ji ƙarar ƙasa-ƙasa sai su fesa man sassauta ƙarfe. Kwana biyu abin zai yi shiru, daga nan man ya kama ƙurar hunturu ya zama laka, ya goge baƙin layin da ke ciki. Mu cirewa muke yi, mu buɗe, mu wanke da sifirit mai ƙarfi, mu sa maiƙon da aka yi don wannan aikin kaɗai.

Sai ruwan batir. Batura huɗu TB-303 take ci, kuma su ke riƙe kiɗan da aka shigar, shi ya sa mutane ke barin su a ciki shekara da shekaru har su fashe. Farin garin da ka gani a kan ƙarfe, da binega ake kashe shi, a bi da sifirit, a shanya, sannan a bi kowane layin tagulla da mita. Inda ya yanke a ɗinke da siririyar waya da dalma. Adaftarta volt 9 ce, kuma tsakiyar bakin ne negatif (−), akasin yawancin adaftar kasuwa. Wasu na'urorin kuma da aka yi don kasuwar Japan volt 100 suke sha, tamu wutar 230 ce. A karanta farantin baya kafin a jona, ko da mai kayan ya rantse ya taɓa kunnawa.

Juno-106 ta 1984, ita ma ta kamfanin Roland, muryoyi shida gare ta. Don gwada su, danna maɓallai shida daban-daban, ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya yi shiru ko ya shaƙe, ɗaya daga cikin sassan nan shida masu lamba 80017A ne ya gaji. Baƙin ƙaron da aka lulluɓe su da shi ne ke jawo matsalar idan ya tsufa. Ana jiƙa sashen a asiton na 'yan kwanaki, a ɓare ƙaron a hankali, a sake liƙa ƙafafun.

Masu kawo kaya ma sai an sa ido. Za a aiko maka da taransista da lambar asali a jiki, alhali gogewa aka yi aka buga sabuwa. Kowace ɗaya sai mun auna ta kafin ta shiga. Mai kaya ya zo yana cewa ai ɗan abu ɗaya muka canja, a rage masa. Gano wannan ɗan abun shi ne aikin. Bayan gyara kuma ba ma sallamar na'ura sai ta yi kwana biyu a kunne a kan tebur, ana gwada kowane maɓalli safe da yamma, domin akwai matsalar da ba ta fitowa sai jiki ya ɗauki zafi.