Daga Yauri zuwa kogin Tay: yadda fatsa ta zame min sana'a

Ni ɗan Yauri ne, gidanmu masunta ne, tun ina ƙarami nake bin Baba a kwale-kwale muna zuba mamari a kogin Neja. Da muka zo Dundee a Sikotland saboda karatun matata aikin sito na fara, ɗaukar kwali ba dare ba rana, ga sanyi ga duhu tun kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, wallahi saura kaɗan in ce mata mu tattara mu koma. Ruwa ne ya riƙe ni. Ranar hutu sai in hau jirgin ƙasa zuwa Perth in zauna bakin kogin Tay kawai ina kallo, a nan na haɗu da wani dattijo, gili suke ce musu, wato mai kula da wani yanki na kogin kuma mai raka baƙi kamun kifi, kusan kamar sarkin ruwa a wajenmu. Na nuna masa inda nake zaton kifi ke kwanciya bayan wani dutse, ya kalle ni yace wa ya koya maka karanta ruwa?

Shi ya haɗa ni da wani shagon kayan fatsa, na fara da shara da jera kaya, daga baya na koyi ɗaure ƙugiya da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, don a irin wannan fatsar babu tana babu gora, nauyin igiyar ne ke kai ƙugiyar nesa. Yanzu mataimakin gili ne ni, ina tuƙa kwale-kwale, ina yanke ciyawar gaɓa, ina koya wa baƙi jifa.

Abinda ya fi ba ni wuya shine sakin kifi. Ka kama salmon, wani babban kifi mai shigowa kogi daga teku, kamar cinyarka ka mayar da shi ruwa! amma kifin na raguwa sosai, kuma doka ce duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu a sake shi. Da na ga yadda suke ji da labarin Georgina Ballantine, wadda ta kama salmon mai nauyin fam 64 (kusan kilo 29) da fatsa a wannan kogin a 1922 kuma har yau ba a karya tarihinta na kamun fatsa a Birtaniya ba, sai na gane mutanen nan tsoron ranar da kogi zai zama fanko suke yi, ni ma na tuna yadda Baba ke kukan giwan ruwa ta yi ƙaranci.

In kana sha'awa ɗan'uwa, fara da neman izini wajen mai yankin kogin, kuma ba a kamun salmon ranar Lahadi. Salmon baya cin abinci in ya shigo kogi daga teku, don haka haƙuri ne jarin: jefa a karkace ta inda ruwa ke gangarawa, bar ƙugiyar ta kewayo da kanta, ƙara taku ɗaya ka sake jefawa. In ka ji ya taɓa kar ka fizga irin na tarwaɗa, bari ya juya da ita tukuna sai ka ɗaga sanda a hankali. Danne ƙayar ƙugiyar da filaya, jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi, sa tabarau saboda ido, kuma don Allah kar ka shiga Tay babu rigar ceto, ruwan yana da ƙarfi ga sanyi mai ƙame ƙafa.

Ranar 15 ga Janairu ake buɗe kakar kamun salmon a Tay, tun yanzu na fara fentin kwale-kwale.