Abin da nazarin zaɓe ya koya mini game da ƙananan jam'iyyu

Darasin da ya fi ba ni wahalar karɓa a nazarin tsarin zaɓe shi ne, sauya fasalin takardar ƙuri'a ba ya ba ƙaramar jam'iyya kujera muddin mazaɓa kujera ɗaya gare ta.

A tsarin Amurka da Birtaniya, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci ko da bai kai rabi ba. A 2015 jam'iyyar UKIP ta samu kashi 12.6 cikin ɗari na ƙuri'un Birtaniya, ta tashi da kujera ɗaya tal cikin 650. A jihar Filorida ta Amurka kuwa, a zaɓen shugaban ƙasa na 2000, Bush ya ɗara Gore da ƙuri'a 537, alhali Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya kwashi sama da 97,000. Irin wannan ne ke sa ake kallon ɗan takara na uku a matsayin mai ɓata ruwa ba don ya sha ba.

Maganin da aka fi tallatawa shi ne jera 'yan takara: mai zaɓe ya rubuta 1 a gaban gwaninsa, 2 a gaban mai bi masa, har ƙasa. In babu wanda ya haura rabi, sai a fitar da na ƙarshe, a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu, a yi ta yi har wani ya haura. Wannan yana kawar da fargabar asarar ƙuri'a, ba shakka. Amma yana da nasa tarkon. A zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar wakilai da aka yi da wannan tsari a jihar Alaska ta Amurka a Agustan 2022, Peltola ta jam'iyyar Democrat ta zo ta ɗaya, Palin ta Republican ta biyu, Begich, shi ma na Republican, na uku, don haka shi aka fara fitarwa. Kusan rabin magoya bayansa sun koma wa Palin, wasu sun tsallaka wajen Peltola, kimanin kashi ɗaya cikin biyar kuma ba su rubuta kowa a na biyu ba, ƙuri'arsu ta mutu a hanya. Peltola ta ci. Da aka baje takardun daga baya, sai ga shi Begich zai kayar da kowace daga cikinsu in da gaba da gaba aka yi. Ɗan tsakiya, wanda kowa ya yarda da shi a matsayin na biyu, shi ke fara faɗuwa.

Ostareliya ce ta warware mini zaren, domin ƙasa ɗaya ce, rana ɗaya, masu zaɓe ɗaya, amma tsari biyu. A zaɓen majalisar wakilai ana jera 'yan takara tun 1918, kujera ɗaya a kowace mazaɓa, kuma wajibi ne a cike kowane gurbi, in ba haka ba ƙuri'a ta lalace. A 2022 jam'iyyar Greens ta samu wajen kashi 12, kujeru 4 cikin 151. A majalisar dattawa kuwa kowace jiha kan zaɓi sanatoci 6 a lokaci guda. Ana raba halastattun ƙuri'u gida 7, a ƙara ɗaya. Duk wanda ya kai wannan adadi, wato kusan kashi 14.3, ya samu kujera, rarar da ya bari kuma ta wuce ga zaɓi na gaba a takardun ƙuri'ar. Bayan wannan zaɓen Greens na da sanatoci 12 cikin 76.

Lissafin a fili yake. A mazaɓa mai kujera ɗaya ɗan takara na buƙatar fiye da rabi, a mai kujeru 3 fiye da rubu'i, a mai kujeru 6 kuma fiye da ɗaya bisa bakwai. Illar yawan kujeru ita ce mazaɓa ta yi faɗi, takardar ƙuri'a ta yi tsawo, tattara sakamako ya ɗauki makonni, abin da kan ba masu zargin maguɗi abin faɗa in ba a wallafa alƙaluman kowane zagaye ba.

Sai batun wa zai amince da gyaran, tunda waɗanda tsohon tsari ya ɗora su ne ke riƙe da wuƙa da nama. A Birtaniya an kai tsarin jeri ƙuri'ar raba gardama a 2011, kusan kashi 68 suka ce a'a. New Zealand ta yi nasarar sauya tsarin zaɓenta a 1993, amma sai da aka yi zaɓe biyu a jere, 1978 da 1981, inda jam'iyyar Labour ta fi yawan ƙuri'a, National ta kafa gwamnati.